Bututun Iskar da Na Yi wa Motar Yaya Sammani

Idan ka shigo garinmu, nan tsakanin Kura da Bunkure, ka ce Sammani kake nema, za a tambaye ka wanne, don su uku ne. Ka ce mai ban ruwa, ko mai shayin bakin titi zai nuna maka gidan ba tare da ya ajiye butarsa ba. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ba ni shekara goma sha ɗaya. Ni kuma ni ne Suhaibu, wanda ake ce wa Injiniya, kuma gara in faɗa maka tun yanzu, ba don girmamawa aka sa min sunan ba. A duk garin, kafin abin da zan ba ka labari, Yaya Sammani ne kaɗai bai taɓa kirana da shi ba.

Yana ɗan shekara goma sha biyu ruwan madatsar Tiga ya iso mana. Aka baje gonaki, aka yanka kanal, mahaifinmu Malam Tambaya ya tashi da gona biyu a layi ɗaya. Ta farko tana bakin ƙofar ruwa, inda ruwa ke fara isowa da ƙarfinsa, muna ce mata gonar kai. Ta biyu tana can ƙarshen layi, inda ruwa ke zuwa a gajiye bayan kowa ya sha, wata ranar ma ba ya zuwa. A shekarar Baba ya ɗora wa Yaya saifon a kafaɗa. Ni da na isa, jakar boko aka rataya min.

Wanda bai san noman rani ba, saifon bututun roba ne baƙi, a lanƙwashe kamar baka. Baki ɗaya a cikin kanal, ɗayan a gona, ruwa ya haura gaɓa da kansa ya sauka cikin fangali. Amma sai an tada shi. Za ka toshe bakin waje da tafin hannu, ka zunguri na cikin a ruwa, ka saki hannun daidai lokacin da ya kamata. Yawancin mutane sai sun yi sau huɗu sau biyar. Yaya Sammani sau ɗaya yake yi, yana tafe yana ajiyewa, ko waiwaye ba ya yi ya ga ko ruwan ya kama. Ni na kai shekara talatin da ɗaya ban taɓa tada ko guda ba. In na gwada, sai bututun ya yi min gyatsa ya jiƙa min wando. Nakan ce wa mutane ai ni ka'idar abin na sani, yadda nauyin iska ke tura ruwa. Su ce to, su karɓi bututun.

Yaya ba mai yawan magana ba ne. Ba ya ɗaura agogo, ya ce ruwa na gaya masa lokaci. Idan manoma biyu suka yi cacar baki a kan wanda ya sha ruwan wani, shi ake kira. Zai zo ya tsuguna, ya dubi jiƙar gaɓa, ya tsoma yatsa a ƙasa, ya ce wane ka wuce lokacinka da kusan awa guda, kuma magana ta ƙare a nan. Duk layinmu an san bai taɓa ƙara wa kansa ko minti ɗaya ba, alhali gonarmu ce a bakin ƙofa, da ya so zai yi ba wanda zai gani.

Mu biyu Baba ya bari. Da ya rasu kowa ya zaci za a raba gado, Yaya ya ce a bar gandu yadda yake, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Abin da wannan ke nufi, in za a faɗi gaskiya, shi ya yi noma ni in yi dabara. Na taɓa ƙera injin ƙyanƙyasa da fitilar kananzir. Ƙwai sittin na zuba, a dafe aka cinye su. Na taɓa gyara wa injin feshi baki don ya ƙara nisa, ya kuwa ƙara, har gonar maƙwabcinmu, wanda ranar bai shirya kashe ciyawa ba balle masararsa. Kowane karo Yaya ne ke zuwa ya ba da haƙuri, ya dawo mu sa hannu a kwano ɗaya, ya turo min naman gabansa.

Wata shekara albasa ta yi kyau, ya sayi mota. Tsohuwar Fijo ce akori-kura, wadda a takarda aka rubuta fara, amma a ido kalar gaɓar kanal ce. Bai iya tuƙi ba, bai kuma yi niyyar koya ba. Ya miƙo min makulli, daga ranar na zama direban gandu.

A ranin shekarar 2005, ana gab da fara ɗiban tumatir, ya kira ni zaure bayan azahar.

"Suhaibu, dattawan gidan nan sun dame ni."

"Da me fa, Yaya?"

"Da maganar raba gandu. Sun ce iyalina sun yi yawa, naka ma suna tafe. Ni ba na so. Amma in suka tambaye ni me kake yi, sai in rasa ta cewa."

Na ce ai ina tuƙi.

"To shi ne. Ka riƙe tuƙin. Tumatirin bana ya bar gona ya isa kasuwar Kwanar Gafan lafiya, daga ɗiban farko har na ƙarshe. In ka yi wannan na sami abin faɗa, ba mai sake tayar min da zancen." Ya ƙara da cewa, "Kada ka ƙera komai. Tuƙi kawai."

Na yi dariya na ce haba Yaya, amma na tsorata. Ba yunwa kaɗai na ji wa tsoro ba. Tun da na buɗe ido a bayan mutumin nan nake tafiya, ban san yadda ake tsayawa ba tare da shi a gaba ba.

Da farko na kiyaye. Abin da ya ɓata lamarin hawan gada ne. Kafin hanyar gona ta fita titin Zariya, sai ta haura gadar babban kanal, kuma hawan na da tsayi. Da sanyin safiya motar takan haye da kaya, tana nishi amma tana hayewa. Da rana ta take, sai ta kai tsakiya ta fara tari, ta tsaya, ta soma tunanin komawa baya. Nan fa masu majalisa a gindin mangwaron bakin gada za su taso su tura, suna turawa suna tambayata ko injiniyancin na cikin aljihu. Sau uku aka yi min haka a sati ɗaya. Tumatir dai yana isa kasuwa, wato abin da Yaya ya nema ana yi. Ni ne turin ya tsaya wa a rai.

Na je wurin Oga Mark. Mutumin Kagoro ne, ya fi shekara goma sha biyar a Kura yana gyaran injin ban ruwa, in mota ta zo ma ba ya mayar da ita. Na tambaye shi me ya sa take hawa da safe, da rana ta ƙi.

Ya ce, "Inji kamar mutum ne, numfashi yake yi. Iska mai sanyi ta fi ƙoshi. Naka kuwa a cikin bonet yake shaƙa, kusa da zafin salansa. Da rana kamar ka sa mutum gudu a cikin kicin ne."

"To in aka jawo masa iska daga waje fa?"

"Ana yi. Masu kuɗi na sayen bututun a Legas. Amma bari in fara buɗe matatar iskar in gani, wataƙila..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Kaina ya riga ya ɗau zafi. Ina tada mota na ji yana ɗaga murya yana cewa in zan yi, in ɗaga bakin bututun sama. Na ɗaga masa hannu, irin ɗagawar wanda ya ji amma ya fi ka sani. Shi mutumin kan dutse ne, a garinsu sanyi a sama yake. Mu nan duk wanda ya taɓa taka gona da safe ya san sanyi a ƙasa yake kwanciya, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, har ka ji shi a idon sawu. Ban da haka, ina aka taɓa ganin saifon da bakinsa na kallon sama?

Don kuwa tun a hanya na san bututun da zan yi aiki da shi. A zaurenmu akwai wani babban saifon a rataye, na Baba, cikin na farkon da aka raba lokacin da ruwa ya zo. Ya fi sauran tsawo da kauri, kuma Baba ya yi masa zane uku da ƙusa mai zafi don kada ya ɓata. Shi kaɗai ke iya kamo ruwa a gonar ƙarshen layi idan ruwan ya yi ƙasa. Na ce a raina ai rani ya kusa ƙarewa, kuma wannan ba ƙira ba ce, gyara ne. Na iya lallashin kaina ƙwarai, a wannan fannin ban taɓa faɗuwa ba.

Yini guda na yi a kai. Na kwance tukunyar matatar iska daga kan kafireta na jefar bayan ɗaki, ko leƙa cikinta ban yi ba. Na sa zarto na rage wa saifon kusan kamu biyu. Na soya yashi a tsohon kasko na ɗura a ciki har robar ta yi laushi, na ƙara mata lanƙwasa, yadda na ga Baba yana yi. Na ɗaure baki ɗaya a kan kafireta da robar tayar mashin, na zuro ɗayan ta gefen lagireto ya sauko bayan bamba, bai kai kamu ɗaya daga ƙasa ba. Saura abin tace ƙura. Na yanko soson tsohuwar katifa na shafa masa baƙin mai, na rufe da ragar rariya.

Matata Raliya ta fito da garin tuwo a ƙwarya, ta tarar da rariyarta saura katakon.

"Baban Aziza, da me zan yi tankaɗe?"

Na ce ta ara a ɗakin Yaya, nan da sati zan sayo mata biyu. Ta dubi ƙafafuna da suka leƙo daga ƙarƙashin mota, ta ce, "Ranar ƙwai ma haka ka ce." Ta koma ciki.

Abin haushin shi ne, ya yi aiki. Ina murza makulli motar ta yi wani gurnani da ban taɓa ji ba. In na taka totur sai ka ji tana zuƙar iska, fuuu, har kaji na watsewa. Washegari da rana tsaka na nufi gada da kwando ashirin da biyar. 'Yan gindin mangwaro har sun fara naɗe hannun riga. Na wuce su a giya ta biyu, na danna musu hon sau uku. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, ko ranar da aka ɗaura min aure.

Da yamma Yaya ya shigo zaure ya dubi ƙusar da ake rataye saifon, ya fito. Ya ce in buɗe bonet. Ya sunkuya, ya kai yatsa ya shafa zanen nan uku.

"Ka yanka shi."

"Kaɗan ne, Yaya."

"Tana hawa gadar?"

"A giya ta biyu ma."

Ya ce, "To." Ya ɗauki buta ya tsuguna alwala, ya daɗe a kai fiye da yadda ya saba. Ni a lokacin na ɗauka amincewa ce.

Sati biyu ina sharafi. Ɗiba biyar na kai ba a tura ni ba. Sai ranar wata Alhamis, ranar ruwan layinmu, wadda kuma ta zo daidai da ɗiba mafi girma a shekarar. Da sassafe muka je gonar kai, inda muka sa albasa. Yaya ya jera saifon takwas ya tada su, ya karyo karan dawa ya kafa a cikin fangali na ƙarshe.

"In ruwa ya taɓa wannan gaɓar ta kara, ka ɗauke su duka ka jingine. Na ƙasa na jira. Sannan ka ɗauko mota ka same mu a tumatir."

Ya wuce ƙarshen layi wurin mata masu tsinka. Ɗauke saifon aiki ne da ko ni na iya, ɗagawa kawai za ka yi. Na zauna ina kallon kara. Ruwa na tafiya a hankali kamar ba ya so. Na yi lissafi a ka, faɗin fangali, kaurin bututu, na ga sai nan da minti arba'in. Cikin minti arba'in ai na je gida na ɗauko mota na dawo har da saura.

Na ɗauko ta kuwa. A bakin mai shayi na tarar da direbobi biyu daga Garun Mallam, sun ji labarin Fijon da ke hawa gada, suka roƙi in buɗe musu bonet. Mutumin da ya shekara talatin ana yi masa dariya, ka ce ya yi bayani, ka san ka taro dogon zance. Na yi bayanin iska mai sanyi, na yi na mai zafi, na taka totur suka saurara, na sake takawa don wanda ya zo a makare. Ɗaya ya ce in yi wa bas ɗinsa. Aka kawo min shayi da ban ce a kawo ba. Da na duba rana, hantsi ya dubi ludayi tuni, kuma abin da ya faɗo min kawai shi ne Yaya na jira da kwanduna.

Hanyar ƙarshen layi tana bi ta wani ɗan kwari a bayan gonar kai, raken maƙwabcinmu ya kare gonar ba a hango ta. Da na iso kwarin na ga ruwa ya kwanta, bai wuce idon sawu ba. Na ratsa, na leƙo ta taga na ce, "Wane sakarai ne ya bar ruwa yana bin hanya? Mutane ba su san darajar ruwa ba." Da bakina na faɗa, da ƙarfi kuma, don in akwai mai shi a kusa ya ji.

Lodi ya ci fiye da awa guda. Kwando ashirin da takwas muka ɗora, har motar ta zauna a kan tayoyinta. Yaya ya shiga gaba kusa da ni, yana cewa mu hanzarta kafin manyan motocin kudu su cika su tashi.

Da muka dawo kwarin, ruwan ya zama tafki. Ban damu ba, motar nan ta sha ratsa wanda ya fi shi da damina. Yaya ya miƙa wuya yana kallo. Ni ruwa kawai na gani. Shi ya ga launinsa, ya ga ta inda yake gangarowa, ya ga ganyen albasa na yawo a kai.

"Suhaibu," ya ce a hankali, "ka ɗauke saifon?"

Ban san abin da ya sa ba, maimakon baki ya amsa, sai ƙafa ta amsa. Na take totur har ƙasa, kamar in na tsallake ruwan na tsallake tambayar. Motar ta zabura, gabanta ya tura ruwa ya taso. Na ji zuƙar nan da nake alfahari da ita ta canza murya, ta koma irin ta saniya a bakin kwatami. Sai wani ƙara, ƙwas, kamar an karya icce a cikin bonet. Komai ya tsaya.

Ruwa ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa. Yaya ya buɗe, ya naɗe wando, ya sauka. Bai dubi motar ba, bai dube ni ba. Ya kutsa cikin rake ya nufi gonar kai, don ya san mutum goma sha ɗaya na ƙasa suna jiran ruwan da ke kwance a kan hanya.

Kashi ɗaya cikin uku na albasar ruwa ya tone. Motar ta toshe hanya, wata ba ta iya shigowa, sai da amalanke aka yi ta jidar tumatir a cikin rana. Kafin a kai titi motocin kudu sun tashi. Washegari rabinsa ya fashe yana tsiyaya. Kuma da yammacin Alhamis ɗin, mutumin da ake kira ya raba rigimar ruwa, shi ya bi gida goma sha ɗaya yana ba da haƙuri. Wannan ya fi tumatirin ci min rai.

Oga Mark ya zo a kan mashin bayan an janye motar gefe. Ya kwance fulogi huɗu, ya ce in murza. Ruwa ya yi tsiri daga ramukan ya wanke masa fuska. Ya goge da hularsa.

"Injiniya, iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Sandar fistin ta lanƙwashe, ta fasa gefe. Wannan inji ya gama." Ya tambayi tsohuwar matatar, aka ɗauko masa daga bayan ɗaki. Ya buɗe ya zazzage, ƙaiƙayin shinkafa ya zubo ya kusa cika kwano. "Ka ga abin da na so in duba ranar. Da ka kakkaɓe wannan kawai, da ta hau gadar."

Jama'a sun taru. Mark ya kwance bututun ya ɗaga yana juyawa, ya ce shi dai bai ga laifinsa ba, aikin da aka yi shi don shi ya yi. Yaya ya karɓa ya zazzage sauran ruwan.

"Yau dai ya tada saifon," ya ce. "Sau ɗaya kuma."

Wurin ya kwashe da dariya, har da ni, don ban da abin yi. Shi bai yi ba.

Bayan an kwashe amfanin rani dattawa suka zauna. Ba wanda ya tambayi Yaya me nake yi, kowa ya gani. Aka ce a yi ƙuri'a tsakanin gona biyun, tun da kowa ya san ba ɗaya suke ba. Yaya ya ce ba sai an yi ba.

"Suhaibu ya ɗauki gonar kai. Ni zan riƙe ta ƙarshe."

Wani kawunmu ya ce, "Sammani, kai ne mai iyali da yawa. Kai ka raya gonar nan shekara talatin."

"Shi ba zai iya ƙarshen layi ba, Kawu. Ni zan iya."

Na so in ce a'a. Wallahi na so. Na buɗe baki, sai na tuna Raliya da Aziza da cikin da ke jikin Raliya, na tuna yadda ruwa ke isa can, na rufe bakina. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan zaman ba. Aka yi fatiha. A satin aka ja zana a tsakar gida, aka ɗora tukunya biyu. Ranar farko da aka ajiye min kwano ni kaɗai, na daɗe ina kallonsa kafin in sa hannu.

Motar tana nan bayan rumfar Oga Mark, ba taya. Kajinsa na yin ƙwai a kujerar direba, kuma suna ƙyanƙyashewa tsaf, abin da injina ya kasa. Guntun saifon Baba kuwa Yaya ya aiko min da shi. Ya gajarce, ba inda zai yi amfani sai gonar kai, inda ruwa ke cika har baki. Na je Kano na sayo masa dogo sabo. Ya karɓa ya yi godiya, amma robar yanzu ba ta da kauri, kafin rani ya raba ta tsage.

Shekarar farko, duk Alhamis sai ya tsaya a gonata ya tada min saifon takwas, ya kafa kara, ya wuce. Ba ya cewa komai sai gaisuwa. A rani na biyu, wata safiya ya makara, na ɗauki guntun nan na toshe da tafi na zungura, ina jiran gyatsar da na saba. Sai na ji sanyi ya cika min hannu, na saki, ruwa ya zubo. Na miƙe ina waige-waige in ga wa ya gani. Ba kowa. Can ƙarshen layi na hango shi, ashe ta wata hanya ya bi. Yana tsaye cikin kanal, ya sunkuya, yana kwarfar ɗan ruwan da ya isa can da rabin jarka yana watsawa gona.

Tun daga ranar ba na jira ruwa ya taɓa gaɓar kara. Saura yatsa biyu nake ɗauke nawa in jingine. Albasata ba ta kai ta maƙwabta girma, Raliya ta yi mita har ta gaji.

Yaya ya lura, dama ba abin da ya shafi ruwa da zai wuce shi. Wata Alhamis yana dawowa da la'asar, ƙafafunsa fari fat da busasshen taɓo, ya tsaya ya tsoma yatsa a fangalina.

"Albasar nan tana son ƙari. Me ya sa kake saurin ɗaukewa?"

Na ce, "Lissafi na yi, Yaya."

Ya dubi karan, ya dubi kanal ɗin da ya miƙe zuwa gonarsa, ya dube ni. Ya goge yatsan a rigarsa.

"To, Injiniya," ya ce. Ya gyara saifon ɗinsa a kafaɗa ya yi gaba, na bi bayansa har gida.